Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Jihar Kano: Ba A Kiwon Kare Ranar Farauta

Mai girma Kakakin Majalisa, masu girma 'yan majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da jama'a suka ɗora muku.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Shekara talatin da biyar na yi ina yawo da kular ƙanƙara da sirinji a bayan babur, daga ruga zuwa kara, daga kara zuwa kwata, har Allah ya kai ni ga ajiye aiki lafiya. Ba ni da kujera a ko'ina, ba kuma kwangila nake nema ba. Na san wasunku in suka ga abin da wasiƙar nan ta ƙunsa, wato ciwon haukan kare da tausayin dabbobi, za su yi murmushi, su ce jama'a na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ga wani tsoho ya zo da zancen kare da kyanwa. Na yarda a yi murmushin, amma a daure a kai ƙarshe tukuna.

Bara waccan, da damina, maƙwabcina mai facin taya ya aiki ɗansa sayo manja bayan sallar magariba. Yaron shekararsa tara. A bakin lungu wani kare ya taso masa, ya kafa masa haƙori a ƙauri ya wuce. Ciwon bai fi a rufe shi da ɗan yatsa ba. Uwarsa ta gasa wurin da ruwan zafi, ta barbaɗa toka, ta ɗaure da tsumma. Samarin unguwa suka bi karen da duwatsu suka kashe, suka jefa shi a kududdufi, kowa ya ce alhamdulillahi an rabu da masifa. Ni lokacin ina ƙauye wajen zaman makoki, kuma da na dawo ba wanda ya ga abin ya isa a faɗa mini. Cikin mako guda ciwon ya warke, yaro ya koma ƙwallonsa.

Bayan mako bakwai sai ga zazzaɓi. Aka ba shi maganin maleriya. Ya fara cewa tabon nan yana masa ƙaiƙayi da zugi, ya daina barci, yana firgita in iska ta kaɗa labule. Aka ce iskokai ne, aka kira mai ruƙiyya. Sai a kwana na uku uban ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da asuba, ya ce: «Baba, don Allah zo ka gani, yaron nan ƙishirwa yake ji amma ya ƙi ruwa.» Tun daga nan gabana ya faɗi. Na shiga, na ɗebo ruwa a kofin silba na miƙa masa. Ya miƙo hannu da gaske yana so, amma ruwan na kusantar bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, wuyansa ya sandare, ya ture kofin yana kallona da ido irin na mai neman taimako. Na tambayi uban ko wani abu ya taɓa cizon yaron. Ya ɗan yi tunani ya ce: «Ai wannan tun yaushe ya warke.»

Mun kai shi asibiti. Likita ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da na riga na sani. Kwana huɗu ya ƙara. Sannan aka shiga neman allura ga uwar da yayyensa biyu da suka yi ta goge masa miyau da hannu. Asibitin babu. Kemis na farko babu, na biyu babu, na uku akwai amma kuɗin ya sa uban ya sayar da injin ba da iskarsa, wato abin da yake ci da shi. An rufe yaron kafin azahar. Babu takardar da aka cike, babu ofishin da ya ji labari. A lissafin gwamnati, yaron nan bai mutu da ciwon haukan kare ba. A lissafin gwamnati ma bai mutu ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranku ya daɗe, ciwon haukan kare ba irin sauran cututtuka ba ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai a yi ta addu'a, don kusan babu mai tashi. Amma kafin su bayyana, hanyar tsira a buɗe take: a wanke ciwon nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a garzaya a fara allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 yake kashewa duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan waɗanda suka kamu, ta hanyar kare suka kamu. Allurar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara ceton wani yaro da ita a Faransa. Shekara ɗari da arba'in ke nan, mu kuma har yau muna barbaɗa toka.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ba a jikin mutum ake yaƙin nan ba, a jikin kare ake yinsa. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, aka maimaita shekara bayan shekara, cutar takan rasa inda za ta sauka, ta mutu da kanta. Kuɗin allurar mutum ɗaya da aka ciza ya isa a yi wa karnukan unguwa da dama rigakafi. Meziko ta bi wannan hanya har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta rabu da matsalar. In an ce Meziko ta yi nisa, to ga Injamena, babban birnin Chadi, nan kusa da mu. A 2012 da 2013 an yi gangamin yi wa karnukan birnin allura kyauta, aka haura kashi 70, cutar ta yi ƙasa warwas, sai daga baya da karnukan waje suka sake shigo da ita. Darasi biyu ke nan a wuri guda: abin yana yiwuwa a ƙasa irin tamu, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya, Najeriya ma ta fitar da nata tsarin na ƙasa a 2022. Sai dai tsarin Abuja ba shi da ƙafar da zai taka zuwa Rimin Gado ko Tudun Wada in jiha ba ta ara masa ba.

To me ya shafi majalisa? Komai ma ya shafe ta. Ku buɗe kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na huɗu. A cikin ayyukan ƙananan hukumomi akwai kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, akwai kuma kafa mayanka da kasuwanni da tsara su. Sashe na 7 ya ce da dokar jiha ake danƙa musu waɗannan ayyuka. Wato maɓallin yana aljihunku. Gwamnatin tarayya ta yi nata: a 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar daƙile cututtukan dabbobi wadda ta maye gurbin ta 1988, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo. Amma karen da ke kwance a bola a Kurna, ba ministan da zai zo ya kama shi. Abin da muka gada a kan karnuka dokar Turawan mulkin mallaka ce ta shekarun 1940. Abin da muka gada a kan zaluntar dabba kuwa yana cikin kundin Penal Code na Arewa, sashe na 207 da na 208, waɗanda aka rubuta tun ana kashe fam da sule. Kalmominsu masu kyau ne, sun hana duka da azabtarwa da ɗora kaya fiye da ƙima da haɗa dabbobi faɗa. A duk shekarun aikina ban taɓa tsayawa gaban alƙali na ba da shaida a kan ɗayansu ba, don ba a taɓa kai kowa ba.

Ina roƙon ku yi wa Kano doka tata ta kanta, amma don Allah kada a sa wani ya sauko da ta wata ƙasa daga intanet a canza mata suna. Na ga irin dokokin da ake yi a jihohin Amurka, masu maganar shagunan sayar da 'yan kwikwiyo da barin kare a cikin mota lokacin zafi. Sun dace da su. Mu karenmu ba a falo yake kwana ba. Karen mafarauci ne da ake lodawa a bayan a-kori-kura a tafi daji da shi wata guda, karen Bafulatani ne mai bin shanu, karen gadin gareji ne da gidan burodi, sai kuma na yaran unguwa da suke ɓoyewa a kango don kada Baba ya gani. Akwai masu manyan karnukan Turai a Nasarawa da sauran unguwannin masu hali, amma waɗannan suna da likitocinsu, ba su ne damuwata ba, sai dai in sun tsinke.

Jigon dokar, a ganina, shi ne rigakafin kare ya zama wajibi duk shekara, kuma kyauta. A nan nake so ku tsaya ku yi tunani, don na san halinmu. Da zarar an ce rajista, sai wani ya hango kuɗin shiga, a buga rasit, a saki yara da riguna masu launi suna tare mutane. Ranar da aka sa wa allurar kare farashi, ranar aka kashe shirin. Talaka da ke lissafin kwanon masara ba zai biya wa kare ko sisi ba, zai dai ce ba nasa ba ne, kuma karen ba zai musa ba. A Injamenar nan da na ambata an gwada duka biyun, kuma lokacin da aka sa masu karnuka biya, waɗanda suka fito ba su kai ko kusa da adadin da ake buƙata ba. Ba don mai karen ake yin allurar ba, don ɗan maƙwabcinsa ake yi. Abin da aka yi don jama'a, daga baitulmali ake biyansa.

Kada wani ya ce ba mu da ƙwarewa. Kano ce fa. A nan garin aka yi taron 1961 da ya haifar da babban gangamin yaƙi da bushiya, annobar shanu, a Afirka, wanda aka fara a yankin Tafkin Chadi. Ni na kama aiki ne daidai lokacin da bushiyar ta dawo a farkon shekarun 1980, na ga Ardo ya zauna a kan turmi yana kuka kamar ƙaramin yaro, shanunsa a zube. Mun kwana a rugage, muna allura muna huda kunne don a gane wadda aka yi wa. A 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Haka shan inna: jihar da a 2003 aka dakatar da rigakafi, ta ga nata na ƙarshe a Sumaila a 2014, kuma a 2020 aka wanke Najeriya. Da me aka yi? Da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da firji mai aiki da hasken rana, da mutanen da suka san kowane lungu. Kayan aikin suna nan. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin allurar karnuka. Abin da ya rage shi ne doka ta ce wane ne zai yi, yaushe, da kuɗin wa. A sa Sarkin Baka a ciki tun daga farko. Mafarauci ya fi kowa son karensa, in shugabansa ya ce a fito da su ranar kaza a filin makaranta, za ku ga layi.

Sai maganar wanda aka riga aka ciza. Ya kamata doka ta tilasta a ajiye allurar mutane a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ɗin nan, a bayar kyauta ko da rangwame mai ma'ana, a kuma buɗe rajistar cizo wadda asibiti zai riƙa sanar da ofishin dabbobi a ranar. Yanzu likitan mutane da likitan dabbobi kamar kishiyoyi suke, gida ɗaya ba a magana. Karen da ya yi cizo kuma a daina kashe shi a jefar. In yana da mai shi, a tsare shi kwana 10 ana kallo. In ya wuce kwanakin lafiya lau, hankalin kowa ya kwanta. In ya mutu ko dole ta sa an kashe, ma'aikaci ya ɗauki kan a kai ɗakin gwaji. Wanda kuma ya ƙi yi wa karensa allurar da aka kawo masa har ƙofar gida kyauta, sannan karen ya ciji ɗan wani, to ya biya kuɗin magani, alƙali ya ƙara masa da abin da zai ji a jikinsa.

Na san abin da wani mai girma zai miƙe ya faɗa a zauren: a kashe su duka mana a huta. Bari na ba ku amsa da abin kunyar da na aikata da hannuna. Ina matashi a aiki aka ba mu umarni bayan wani cizo da ya tayar da hankali. Muka sayi kayan ciki a kwata, muka cusa guba, muka bi dare muna jefawa a bola da bakin kasuwa. Da gari ya waye mun cika amalanke. Amma ba karnuka kaɗai muka ɗauka ba. Akwai kyanwoyi, akwai shirwa, akwai ungulaye, akwai karen wani maigadi da ni da kaina na yi wa allura wata biyu kafin nan. Mutumin ya tsaya a kaina bai zage ni ba, ya ce kawai: «Malam, me ya yi maka?» Kafin shekara ta zagayo karnuka sun cika wurin kamar ba a taɓa yi ba, sababbi, waɗanda ba a san daga inda suka fito ba, ba kuma wanda ya taɓa yi musu allura. Muddin akwai bola da jinin kwata a buɗe, wuri ba ya zama babu kare. Kare mai rigakafi da ke riƙe da unguwarsa katanga ne, mun rushe katangar da hannunmu. Doka ta haramta zuba guba a fili, ko da ƙaramar hukuma ce ta so yi.

A sa ido kuma a kan fataken karnuka. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana bi ƙauyukanmu har cikin Nijar ana saye ana lodawa a keji zuwa kasuwar Dawaki ta jihar Filato, daga can a wuce kudu. Masu bincike sun sha samun ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni, alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Ba ina neman a hana kowa sana'arsa ba ne. A dai san wa ke ɗauka, daga ina, zuwa ina, da takardar likita.

Akwai masu jin cewa duk maganar kare ba ta Musulmi ba ce. Ni ba malami ba ne, amma na zauna a gaban malamai. Risalar da muka karanta a zaure ta hana ajiye kare a gida haka kawai, amma ta yarda da na gona da na kiwo da na farautar neman abinci. Malamai ma sukan ba da labarin mai littafin, Ibnu Abi Zaid, cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsaro ya taɓarɓare, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya ga wannan zamani da zaki zai ajiye. Mu da muke cikin zamanin masu garkuwa da ɓarayin shanu mun fahimci wannan magana. Kuma duk ɗan Islamiyya ya san hadisin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ba Bature ne ya koya mana tausayin dabba ba. Mu ne muka ajiye namu, har da muka gan shi a hannun wani muka ɗauka baƙo ne.

Tunda na taɓo nan, bari na faɗi sauran abin da ke cina. Ku tsaya a bakin titin Wudil ranar Juma'a da yamma ku kalli yadda ake loda shanu a tirela: an karya wutsiya don saniya ta miƙe, an ɗaure ƙaho da ƙaho, wata ta faɗi ana tattaka ta, kuma haka za a yi kwana biyu a hanya zuwa Legas ba ruwa. Ku kalli kajin da ake ratayowa a babur kai a ƙasa cikin ranar Afrilu. Ku kalli dokin haya a bikin angwanci, yara sun yi ta sukuwa a kan kwalta tun hantsi, bakinsa na jini saboda linzami, bayansa duk gyambo a ƙarƙashin sirdi, a garin da ake alfahari da hawan sallah. Jaki kuwa, bawan Allah, ya gama ɗaukar yashi da itace shekara da shekaru, yanzu kuma fatarsa ake nema a kai Sin, har ya fara wuyar gani a kasuwannin da da ake tuntuɓe da shi. Tarayyar Afirka ta amince a Fabrairun 2024 a dakatar da yanka jakuna don fata, amma wa zai tsare motar in babu dokar jiha da ma'aikacin jiha? Ba na cewa a cika gidan yari da masu amalanke. Yawancinsu ba mugunta ba ce, talauci ne da sabo. A fara da gargaɗi ta bakin shugabannin sana'a, Sarkin Fawa da Sarkin Zango da shugabannin direbobi, amma a sabunta tarar ta zama mai ciwo ga wanda ya mayar da abin ɗabi'a, kuma a ba ma'aikacin dabbobi ikon ya sauke dabbar da ba ta iya aiki.

Maganin dabbobi ma ya zama kayan koli. A kowace kara za ka ga mai tebur ya baje kwalabe a rana, yana allura yana rubuta magani, bai taɓa shiga aji ba. A yi wa sa allura yau, gobe a yanka, jibi yana cikin miyarku, alhali kowane irin wannan magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci nama ko a sha nono. Saniyar da ta kasa tashi kuma a yanka ta da dare a bayan gari, a shigo da naman da asuba ba wanda ya duba huhu ko hanta. Ba mu manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba, wadda ta fara bayyana a Kaduna ta shigo mana nan ta durƙusar da masu gidajen kaji, ga kuma ciwon saifa da ya ɓulla a Suleja a 2023. Ko haukan karen ma ba a kare yake tsayawa ba. Na ga makiyayi ya zura hannu har gwiwa a bakin saniyarsa yana laluben abin da ya maƙale mata, don tana dalalar da miyau ta kasa haɗiya, ashe kare ne ya cije ta wata guda da ya wuce.

Duk wannan ba zai wuce takarda ba in babu mutane da kuɗi. Mu da muka san aikin muna ta ƙarewa, wasu sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba a maye gurbinmu yadda ya kamata. Ga yara sun gama karatun likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna sayar da kati da gyaran waya. Ku rubuta a cikin dokar kanta cewa kowace ƙaramar hukuma sai ta kasance da likitan dabbobi da mataimakansa, da firji, da abin hawa. Ku ware wa rigakafi layinsa a kasafin kuɗi, wanda ba za a karkatar da shi zuwa sayen labule ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ake ta maganar kuɗin ƙananan hukumomi. To ga aiki nan da kundin tsarin mulki ya ambata da sunansu. Kuma ku wajabta wa kwamishina ya zo gabanku sau ɗaya a shekara ya faɗi karnuka nawa aka yi wa allura, mutum nawa aka ciza, nawa suka samu magani, nawa suka rasu. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Maimakon a buga riguna da huluna a yi tattaki a watse, a mayar da ita ranar ba da wannan lissafi.

Ku arba'in ne a zauren nan. Mutum ɗaya ya isa ya gabatar da ƙudiri, kwamitin noma da na lafiya su zauna tare, a kira jin ra'ayin jama'a. In za a kira, don Allah kada a tsaya ga masu manyan riguna a otal. A gayyato mafarauta, da mahauta, da Fulani, da masu dawaki, da malaman asibitin karkara waɗanda su ne ke fara ganin ciwon, da malaman addini. A yi zaman da Hausa.

Ni ma in an ba ni dama zan zo, da sandata da tsohon littafin aikina. Na tambayi maƙwabcin nawa ko zai biyo ni ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta murza wata tsohuwar tayar Keke Napep da yake facinta da famfon hannu, don har yau bai mayar da injinsa ba. Daga baya ya ce zai zo, in dai ba ranar kasuwa ba ce.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin dabbobi,
daga cikin birnin Kano.